Farautar Zomo a Hunturun Mishigan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bindiga, Doka da Tukunya

Duk shekara da zarar dusar ƙanƙara ta rufe gonaki a jihar Mishigan da ke arewacin Amurka, 'yan uwa mazauna Ditroyit da kewaye, da ɗalibai sababbin zuwa, har da mutanen gida da suka ga hotuna a waya, sukan yi ta tambaya a kan farautar zomo. Yawancinsu bindiga suke fara tambaya. Ni kuwa a ganina ita ce ƙaramar magana. Babbar magana ita ce mutum ya san iyakar nisan da zai iya kashe dabba nan take ba tare da ya azabtar da ita ba, ya kuma san yadda zai kai naman tukunya da tsabta.

Me ya sa sai da hunturu? Ba a farautar zomo a sauran lokuta ne?

Dokar Mishigan ta buɗe farautar zomo daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Maris. Amma tsofaffin mafarauta ba sa gaggawa. Sukan bari a gama farautar barewa da bindiga, wadda ake yi daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba, daji ya yi sauƙin jama'a, sannan su fito a Disamba da Janairu da Fabrairu.

Dalilan a fili suke. Ganye ya kakkaɓe, ciyawa ta kwanta, ido yana kaiwa nesa. Zomo ba ya iya ɓoye sawunsa a kan dusa. Sanyi yana tsare nama daga lalacewa tun daga daji har gida. Kaska da ƙudajen da ke yaɗa cuta sun ragu ƙwarai. Wanda ya taso a ƙauye ya san wannan lissafin, don mu ma ba a shiga farauta da damina, sai an yi girbi daji ya bushe.

Zomo iri nawa ne a can?

Biyu ne ake nema. Na farko shi ne zomon auduga, mai gajeriyar wutsiya fara tas daga ƙasa. Ƙarami ne, nauyinsa kilo 1 zuwa 1 da rabi, kuma yana son gefen gonaki, da tsofaffin shingaye, da sarƙaƙiyar ƙaya, da tsibin rassan da manoma suka sare suka tara. Ba ya haƙa rami da kansa, amma idan sanyi ya tsananta yakan shige ramin da wata dabba ta bari. Namansa fari-fari ne, mai taushi.

Na biyu shi ne zomon ƙanƙara, wanda ya fi yawa a arewacin jihar, musamman bayan an ƙetare gadar Mackinac, wadda ta haɗa ɓangaren kudu da na arewacin jihar. Da bazara ruwan ƙasa ne, da hunturu sai ya rikiɗe ya koma fari, in ban da bakin kunnuwa da idanu. Gajartar yini ce ke sa shi canza gashi, ba zubar dusa ba. Shi ya sa a shekarar da dusa ta makara za ka hango shi fari ƙal a kan baƙar ƙasa, kowane shaho da yanyawa na ganinsa. Ƙafafunsa na baya manya ne masu faɗi, yana gudu a saman dusa ba ya nutsewa. Gidansa fadamu masu duhun itatuwan da ba sa zubar da ganye. Namansa ja ne sosai, ya fi kama da na zomon dajinmu. A dazuzzukan Kanada yawansa yakan hau ya sauka kusan duk shekara 10, abin da aka gano tun daga tsofaffin littattafan cinikin fata na kamfanin Hudson's Bay.

Malam, ni ɗalibi ne, da biza na shigo. Doka ta yarda in riƙe bindiga?

A nan sai a yi hattara. Dokar tarayya ta hana baƙon da ya shigo da bizar wucin gadi mallakar bindiga ko harsashi, sai wanda ya faɗa cikin wasu keɓantattun rukunai. Ɗaya daga ciki shi ne mai riƙe da lasisin farauta na wata jiha wanda bai ƙare ba. Ke nan lasisi ne farko, bindiga daga baya, kuma ranar da lasisin ya ƙare kariyar ta ƙare. Kafin ka taɓa ko bindigar aboki, ka tuntuɓi lauya ko ofishin ɗaliban ƙetare na makarantarka. Jami'o'i da yawa kuma sun hana ajiye bindiga a ɗakunan kwana.

Kafin a sayar maka da lasisi a Mishigan, in dai an haife ka daga 1 ga Janairun 1960 zuwa yau, sai ka nuna takardar kammala kwas ɗin kiyaye haɗarin farauta. Akwai kuma lasisin ɗan koyo, wanda ke ba ka shekara 2 kana fita tare da babban mafarauci mai lasisi kafin ka yi kwas ɗin. Shawarata ka yi kwas ɗin tun farko. Ba shi da tsawo, kuma abin da ake koyarwa a ciki rai yake ceta.

Bayan lasisi akwai wasu ƙa'idoji?

Akwai. Zomo 5 ne iyakar abin da za ka kashe a yini, kuma kada a same ka da fiye da 10 a ajiye. Ana fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, a daina rabin awa bayan faɗuwarta. Dole ka sa hula ko riga mai launin lemo mai haske wadda ake gani ta kowane ɓangare. Ba a harbi a ƙasa da ƙafa 450, wato kimanin mita 137, daga gidan da mutane ke ciki sai da rubutaccen izinin mai gida. A cikin mota bindiga ba ta zama da harsashi, kuma a cikin jakarta ko a but ake sa ta. Gonar mutum kuwa ba a shiga sai da izini, ko da babu shinge.

Kowace jiha da nata. A Wiskonsin zomon auduga 3 ne a yini, a jihar Maine ba a farauta ranar Lahadi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Mishigan tana fitar da ɗan littafin dokoki duk shekara, kyauta, a intanet da shagunan sayar da lasisi. Karanta na bana, kada ka dogara da na bara.

To wace bindiga ce ta fi dacewa?

Ya danganta da yadda zomon zai zo maka: a guje ko a zaune. In a guje ne, bindiga mai watsa tsaba, irin wadda muka sani da mai baki ɗaya ko mai baki biyu. In a zaune ne, ƙaramar raifil mai harsashi ɗaya, lamba .22.

Ga wanda zai sayi guda ɗaya tak, ina ba shi shawarar mai watsi lamba 20. Ba ta da nauyi, kuma wanda ya yini yana ratsa dusa har gwiwa ya san darajar rabin kilo. Ba ta dukan kafaɗa sosai, tsabarta kuma ta isa. Remington 870, wadda aka fara ƙerawa a 1950, da Mossberg 500 su ne suka cika shaguna, kuma tsohuwarsu mai kyau ba ta da tsada. Ni dai na fi son mai baki biyu da ake karyawa. Idan ka zo ƙetare shinge ko rafi sai ka karya ta, kowa ya ga a buɗe take, kai ma ka leƙa bututun ka tabbatar ba abin da ya toshe shi.

Mene ne bambancin lamba 12, da 20, da .410?

Lambar tana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba, babban baki. Asalin lissafin shi ne a ɗauki dalma mai nauyin giram 454 a raba ta dunƙule-dunƙule daidai faɗin bakin bindigar. In ta ba da 12, lamba 12 ke nan. Bakin lamba 12 ya kai milimita 18 da rabi, na lamba 20 kusan 15 da rabi. Ita .410 awon inci ne, kimanin milimita 10.

Abin da ya shafi mafarauci shi ne yawan tsaba. Ita ma tsaba tana da tata lambar da ke nuna girmanta. Da tsaba lamba 6, harsashin bindiga lamba 12 na yau da kullum yana ɗauke da kimanin 250, na lamba 20 kusan 200, ƙaramin harsashin .410 kuwa ɗari da 'yan kai. Mutane da yawa suna miƙa wa yaro .410 don ba ta duka. Ina ganin wannan kuskure ne. Bindigar gwani ce: tsabarta kaɗan ce, da ɗan kauce sai ta karya wa zomo ƙafa ya shige rami ya mutu a banza. A hannun wanda ya ƙware, a nisan mita 20, tana kashewa tsaf ba ta ɓata nama. A hannun ɗan koyo takaici take kawowa. Lamba 12 tana aiki, sai dai a kusa takan daddatse nama, don haka a sa mata harsashi mai sauƙi.

Wani gargaɗi da ba a wasa da shi: kada ka haɗa harsashin lamba 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yana iya zurarewa cikin bututun 12 ya maƙale, ka ɗauka ba komai, ka sa na 12 a bayansa. Bututun fashewa yake yi. Saboda haka ne masu ƙerawa suke yin kwanson lamba 20 rawaya.

Wace tsaba zan saya, kuma yaya batun matsin bakin bindiga?

Lamba 6 ita ce ta kowa. Ga zomon ƙanƙara mai kaurin gashi wasu sukan ɗauki 5 ko 4, waɗanda suka fi girma, sukan ratsa su fita, ba sa cika nama. Lamba 7 da rabi tana kashewa a kusa, amma za ka sha tsince-tsince a faranti. Matsin baki kuwa, wato yadda aka tsuke ƙarshen bututu don rage watsuwar tsaba, mai ɗan buɗewa ya fi, don yawancin harbin cikin sarƙaƙiya ne, tsakanin mita 10 zuwa 25. Abin da ya wuce mita 35 ka ƙyale shi ya tafi.

Kafin ka shiga daji, kafa babban kwali a mita 25 ka harba, ka je ka ga yadda tsabar ta watsu. Wannan harbi ɗaya zai gaya maka gaskiyar bindigarka fiye da mai shago.

Na ji ana yabon .22. Me ya sa?

Don nama. Harsashi ɗaya a ka, zomo ya faɗi inda yake, cinya da gadon baya ba tabo. Harsashin .22 dogo ya fito tun 1887, kuma har yau ba wanda ya kai shi arha. Nauyin ƙwayarsa bai kai giram 3 ba, ƙararsa kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa ko kaɗan. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, ita ce aka fi gani, amma kowace mai sakata da ƙaramin madubin saiti ta wadatar.

Farauta da ita wata tarbiyya ce daban. Tafiya kake yi a hankali, taku uku ka tsaya, kana leƙa gindin kowane itace. Ba zomo kake nema ba, ido kake nema. Farin zomo a kan farar dusa ba ya ganuwa, amma akwai wani ɗan baƙin ɗigo mai sheƙi, zagayayye sosai, wanda ba ka samun irinsa a jikin itace. Da ka gan shi sai sauran jikin ya bayyana: kunnuwa a kwance a baya, hanci yana motsi. Kada ka zuba masa ido kai tsaye ka nufe shi. Ka ci gaba kamar za ka wuce, ka jingina da itace, ka saita tsakanin ido da gindin kunne.

Haɗarinta ya fi na mai watsi nesa ba kusa ba. Tsaba takan mutu cikin 'yan ɗaruruwan mita, ƙwayar .22 kuwa tana wuce kilomita 1 da rabi, kuma tana tsalle idan ta bugi daskararriyar ƙasa ko ƙanƙarar tafki. Ba a harba ta sai ka ga tudu ko ƙasar da za ta tare ta a bayan zomon. A farautar taro da karnuka, ni ba na son ganinta ko kaɗan.

Bindigar iska fa, da irin adakarmu ta gida?

Bindigar iska mai ƙarfi, lamba .22, tana kashe zomon auduga a mita 20 zuwa 30 in an same shi a ka. Ta wasan yara ba ta yi, rauni kawai take yi. Bindigar ɗuri ta baki, 'yar uwar adaka, tana da masoyanta a Amurka, kuma ana ɗura mata tsaba a yi farautar zomo, sai dai harbi ɗaya ne, kuma danshi abokin gabar albarushi ne. Raifil mai saurin gaske irin .17 HMR, wadda ta fito a 2002, tana kaiwa nesa, amma in ta sauka a jiki rabin naman ya tafi. Akwai kuma tsohuwar Savage 24 mai baki biyu, .22 a sama, .410 a ƙasa, wadda aka yi ta kamar don wannan aiki: na zaune da na guje duk tana da amsarsu.

Sanyi yana yi wa bindiga illa?

Yana yi. Mai mai kauri yakan daskare ya riƙe allurar da ke bugun harsashi, ka ja kunama ka ji shiru. Goge man, ka bar ɗan shafe kawai. In ka yi tuntuɓe hancin bindiga ya taɓa dusa, tsaya nan take, cire harsashi, leƙa bututun. Dusar da ta cika baki ta isa ta fasa shi. Safar hannu mai kauri tana iya danna kunama ba ka sani ba, don haka makulli a rufe, yatsa a waje, har sai bindiga ta hau kafaɗa. Idan ka dawo gida ƙarfen zai yi gumi da ya shiga ɗumi. Bar shi ya ɗauki ɗumin ɗaki, ka goge, ka shafa mai, sannan ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, harsashi kuma a wani wurin daban.

Ba ni da kare. Zan samu wani abu?

Za ka samu, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Fita da safe bayan an kwana ana zubar sabuwar dusa, ko ranar da rana ta fito bayan kwanakin tsananin sanyi, lokacin da sukan fito shan hantsi a gefen da ke kallon kudu.

Koyi karatun sawu. Za ka ga tabo huɗu: dogaye biyu a jere, ƙanana biyu ɗaya bayan ɗaya. Dogayen na ƙafafun baya ne, kuma su ne a gaba, don idan yana tsalle ƙafafun baya sukan wuce na gaba su sauka. Wanda bai san wannan ba baya-baya zai bi sawun. Duba 'yan rassan da ke kusa da ƙasa: in an yanke su a karkace, sumul kamar da wuƙa, zomo ne. Barewa fizga take yi ta bar bakin a yage. Inda ka ga wannan, da ɓawon ƙananan itatuwa a gwaguye, da ƙwayoyin kashi a warwatse, ka iso.

Hau kan tsibin rassa ka tattaka, abokinka yana tsaye gefe a shirye, kun riga kun yi magana a kan inda kowa zai iya harbi da inda ba zai iya ba. In kai kaɗai ne, yi tafiya ka riƙa tsayawa cik na rabin minti. Zomo yana jure wucewar mutum, tsayuwar ce ba ya jurewa, sai ya ɗauka an gan shi ya zabura.

Yaya farauta da karnuka take?

Karen wannan aiki shi ne bigul, gajere mai dogayen kunnuwa, tsayinsa bai wuce inci 15 ba. Ba kamawa yake yi ba irin karnukan farautarmu masu gudu. Hanci yake sawa a ƙasa ya bi sawu yana haushi, zomo kuma yana can gaba da nisa, yana tsalle yana tsayawa. Zomo ba ya son barin unguwarsa, don haka sai ya yi da'ira ya dawo kusa da inda aka tashe shi. Aikinka ka tsaya a nan, kada ka motsa, kada ka yi magana, ka saurari haushin yana nisa har ya juyo. Ka riƙa duban gaban muryar karnukan sosai. Da'irar zomon auduga ƙarama ce. Ta zomon ƙanƙara takan yi faɗi har ka daina jin karnuka, ka yi zaton sun ɓace. Idan ya zo a guje, saita ɗan gaban hancinsa kada ka tsayar da hannu. In kare na kusa da shi, sauke bindiga.

Malam, naman zomo halal ne? Wanda bindiga ta kashe fa?

Mazhabobi huɗu na Sunna sun halatta shi. Hujjarsu hadisin Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, da ke cikin Buhari da Muslim: sun tashi zomo a Marruz Zahran, Anas ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha, shi kuma ya yanka ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya karɓa. A fiƙihun Ja'afariyya ba a cinsa, don haka in kana da maƙwabta 'yan Shi'a, kamar yadda suke da yawa a garin Dearborn da ke kusa da Ditroyit, ka tambaya kafin ka aika musu.

Batun bindiga, malamai da yawa na baya-bayan nan, har da na Malikiyya, sun halatta abin da harsashi ya huda ya zubar masa da jini, in mai harbin ya yi niyyar farauta ya kuma ambaci sunan Allah lokacin harbi. In ka iske shi da sauran rai, yanka shi nan take. Don haka wuƙa mai kaifi ta zauna a inda hannu zai kai gare ta da sauri, ba a ƙasan jaka ba. Riƙon kare don farauta kuwa sunna ta yi izini da shi, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan abin da horarrun dabbobi suka kamo.

Gaskiya ne zomon daji yana ɗauke da cuta?

Gaskiya ne. Sunanta tularemiya, daga yankin Tulare na Kalifoniya inda aka fara gano ƙwayar cutar wajen 1911. Ba ta da yawa: 'yan ɗaruruwa ne ke kamuwa a duk Amurka a shekara, akasari a jihohin tsakiya irin su Arkansas da Missouri da Oklahoma. Tana shiga ta ɗan yanka a hannu lokacin fiɗa, ko ta cizon kaska, ko ta naman da bai dahu ba. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai zazzaɓi, da kaluluwa, wani lokaci da gyambo inda ta shiga. Tana jin magani, amma sai ka gaya wa likita cewa ka feɗe zomo, in ba haka ba zai ɗauka mura ce.

Turawan karkara suna cewa ba a cin zomo sai an yi sanyi mai daskarar da ruwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sanyi ba ya kashe ƙwayar, firiza ma ba ta kashe ta. Wuta ce ke kashe ta. Sa safar roba kafin ka buɗe ciki. Ɗaga hantar ka duba ta a haske: lafiyayya ja ce mai duhu, sumul, tana ƙyalli. In ka ga ɗigo-ɗigo farare ko rawaya kamar an barbaɗa gero, ko saifa ta kumbura, binne shi duka ka wanke hannu da wuƙa. Zomon da ka taras yana layi, bai gudu ba, kada ka taɓa shi. Kayan ciki kuma kada ka jefa wa kare, ta nan yake ɗaukar tsutsar ciki.

Yaya ake fiɗarsa?

Tun a daji, da ɗuminsa. Rataye shi a reshe na 'yan mintuna ƙuma su watse. Matsa mararsa da babban yatsa fitsari ya fita. Tsaga fatar gadon baya a tsakiya, sa yatsu, ja hagu da dama, fatar zomon auduga sulluɓewa take yi. Buɗe ciki da tsinin wuƙa a sama don kada ka huda hanji, cire komai, ka yanke wutsiya tare da 'yan ƙullutun da ke gefenta, su ne ke kawo wari. Goge cikin da dusa mai tsabta, ka sa a jakar yadi. A gida ka raba shi: cinya 2, hannu 2, gadon baya gida 2 ko 3, haƙarƙari na romo. Bi kowace hudar tsaba da tsinin wuƙa ka zaƙulo gashi da dalma, ka yanke inda jini ya taru.

Dalmar da ke cikin nama tana da haɗari?

Tana da shi, musamman ga yara da masu ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ma buƙatar dogon bayani. Abin da ke cikin zomo kaɗan ne, amma dafa shi da ruwan tsami yana narkar da wani abu daga ciki. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019. In iyali za su ci, sayi tsabar ƙarfe lamba 4, bayan ka tabbatar bindigarka tana ɗaukarta, ko ka yi harbin ka da .22.

Uwargida ta ce naman yana ƙarni kuma yana tauri. Ina mafita?

Zomon daji ba shi da kitse, shi ya sa wuta mai ƙarfi ke mayar da shi igiya. Jiƙa shi kwana ɗaya a firji cikin ruwan gishiri, cokali 3 a lita ɗaya, jinin zai fita, ƙarnin ya ragu. Feɗe farar yanar da ke kan gadon baya. Sannan a bambanta: gadon baya minti kaɗan yake so, cinya kuwa wuta kaɗan da lokaci mai tsawo. Ko ta yaya aka dafa, zafin tsakiyar naman ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. In kunnen zomo ya yage da sauƙi a hannu, yaro ne, ya yi suya. In ya ƙi, tsoho ne, sai tukunya.

Wane girki ya fi karɓarsa?

Ga zomon ƙanƙara ban ga abin da ya kai farfesu ba. A soya yankan sama-sama a man gyaɗa ko man shanu har ya yi ja, a kwashe. A soya albasa mai yawa a man, a zuba jajjagen attaruhu da tafarnuwa da ɗanyar citta, da masoro, da kanumfari, da kimba guda, da ɗan daddawa. A mayar da naman, a zuba ruwa ya ɗan rufe shi, a rage wuta ƙasa sosai, a rufe. Awa 2 zuwa 3, har cokali ya raba nama da ƙashi. Zomon auduga awa 1 da 'yan mintuna ya ishe shi. Gadon baya a jefa shi a minti 20 na ƙarshe. In aka dama gyaɗar miya aka zuba a wannan romon, an samu maiƙon da naman ya rasa, kuma da tuwon shinkafa ba a magana.

Mutanen kudancin Amurka suna kwanar da zomon auduga cikin madara mai tsami, su juya shi a fulawa mai gishiri da barkono, su soya. Kindirmo yana yin wannan aikin daidai. A soya a wuta matsakaiciya, a rufe kaskon na ɗan lokaci don cikin ya dahu. Jikokin Jamusawa a Mishigan da Wiskonsin suna da nasu tsohon girkin, hasenfefa, inda ake jiƙa naman kwana 2 a ruwan tsami da albasa da kayan ƙamshi kafin a dafa. Asalinsa da giya da kitsen alade ake yi. Musulmi sai ya sa ruwan khal da aka sirka da romo, da man shanu, ɗanɗanon yana fitowa. Tsohon zomon da ya gagara kuwa a dafa shi lugub, a zare ƙasusuwa da kyau don ƙanana ne masu tsini, a daka, a yi dambu.

Zai daɗe a firiza?

In an nannaɗe shi da kyau iska ba ta shiga, yana kaiwa wata 6 ko fiye ba tare da ya canza ba. Wasu sukan sa yankan a roba su cika da ruwa su daskarar, don kada sanyi ya ƙona naman. Rubuta kwanan wata a jiki, ka ware cinyoyi daban da gadon baya tun da ba lokacin dahuwarsu ɗaya ba. Ka tuna kuma na cikin firiza yana shiga lissafin 10 ɗin da doka ta ƙayyade, don haka in sun taru a ci ko a raba wa maƙwabta kafin a sake fita.